Jar Motar Baba a Hanyar Rogo

Shekara uku na yi ban sa ƙafata cikin mota ba. Ba rantsuwa na yi ba, jikina ne kawai ya ƙi. Motar haya ce muka shiga ni da mijina za mu Kano, taya ta fashe, motar ta ƙwace wa direba ta yi ta juyi da mu har ta kwanta a gonar wani. Ni ta taga aka zaro ni da karaya a hannu. Shi kuwa da zanin wata mata aka lulluɓe shi a gefen titi. Tun daga ranar, ko ƙarar rufe ƙofar mota na ji sai in bar wurin.

Da na fita takaba na tattara kayana na dawo gidanmu a Ƙaraye. Firamaren da nake koyarwa ba ta da nisa, a ƙasa nake zuwa a ƙasa nake dawowa. Biki ko gaisuwar rasuwa, in dai ya wuce inda ƙafa za ta kai ni, sai dai in ba da saƙo. Dangi suka yi mita har suka gaji suka ƙyale ni.

Abin da ya ƙara mini wahala shi ne a gidan direba aka haife ni. Baba ya fi shekara talatin yana tuƙa hakimi kafin ya ajiye aiki, kuma kowa a garin ya san ko kaza bai taɓa takewa ba. Yana da wata mota tasa ta kansa a rumfar kwano da ke jikin zaurenmu. Wani Baturen injiniya ne ya zo da ita lokacin aikin madatsar ruwa, ita ma a lokacin ta riga ta tsufa. Baba ne ke gyara masa ita a ranakun da ba shi da fita, da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu sai ya bar masa ita. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu. Hancinta dogo, ga ta ƙasa-ƙasa, in mutum ya zauna ciki kamar a tabarma yake. Rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya, ƙafafunta da wayoyi kamar na keke, sitiyarinta na katako, kuma a dama yake irin na motocin da. Mutanen unguwa takalmin Bature suke ce mata. Inna kuwa, wato mahaifiyata, kullum cewa take ina amfanin motar da ba ta ɗaukar ko buhun masara.

Duk ranar Juma'a da hantsi Baba zai yaye mata bargo, ya wanke ta, ya tayar da ita ya bar ta tana gurnani. Ni kuma in na ji ta tashi sai in shige ƙuryar ɗaki in ja ƙofa.

Ana nan, cikin wata damina, ƙanwata da ke aure a Rogo ta haihu. Haihuwar ta zo da gardama, ta zubar da jini da yawa, jaririn ma bai zo da rai ba. Inna ta riga ta tafi tun ranar. Kwana biyu bayan nan ta bugo waya ta ce yarinyar nan ba ta ci ba ta sha, sunana kawai take kira.

Na ajiye wayar na zauna a bakin rijiya. Baba ya fito daga ɗakinsa ya tsaya a kaina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, za ki je ko?"

"Baba, ina so in je. Amma in na shiga motar tasha, wallahi kafin a fita gari zan mutu."

Ya yi shiru ya daɗe, har na ɗaga kai na dube shi. Sannan ya ce, "To ni zan kai ki. Tafiyar hawainiya za mu yi. Duk inda kika ce tsaya, zan tsaya."

A lokacin na ɗauka shirun nan nasa tausayina ne.

Washegari bayan mun karya ya fito da ita. Na daɗe tsaye riƙe da murfin ƙofar kafin na iya sunkuyawa na shiga. Warin fata da man inji ya bugi hancina. Na ɗaure mayafina tam a haɓa, na damƙe ƙarfen da ke gabana da hannu biyu, na karanta duk addu'ar da na sani. Baba ya zauna a bayan sitiyari. Ya yi bisimilla ya saki kuloci a hankali, har sai da na ga katangar maƙwabta tana wucewa sannan na san mun tashi.

Ya cika alkawari. Masu babur na wuce mu, har da wani mai keke da ya ɗauro rake sai da ya jera da mu yana gaishe da Baba. Sai dai na lura tsakiyar titi yake bi, kuma ya matso da fuskarsa kusa da gilashi. Can kuma sai ya fara yi mini tambayoyi.

"Uwata, mene ne wancan a gabanmu?"

"Amalanke ce, Baba, ta shanu."

"Madalla. Wancan baƙin fa?"

"Rami ne da ruwa a ciki."

"To, ci gaba da gaya mini duk abin da kika gani. Zai ɗauke miki hankali."

Na yarda da shi. Na yi ta lissafa masa: ga akuya, ga kwana, ga mata da itace a ka. Kuma gaskiya ya ɗauke mini hankalin, domin har muka shiga Rogo sau biyu kacal na ce ya tsaya, sau ɗaya na yi amai a gindin wata ɗorawa.

Ƙanwata na ganina ta fashe da kuka. Na rungume ta, na yi mata wanka da kaina, na zauna na ba ta kunun kanwa a baki har ta sha rabin kofi. Na so in kwana, amma washegari ɗalibaina na da jarrabawa. Da aka yi la'asar Baba ya aiko daga waje cewa in fito, hadari na haɗuwa a gabas. Mijin ƙanwata ya roƙe shi mu bari sai da safe, ya ce a'a, yanzu za mu isa. Daga baya na gane so yake ya koma gida tun da sauran hasken da zai iya gani da shi.

Ba mu yi nisa sosai da barin gari ba sama ta rufe. Gajimaren nan baƙi ƙirin ya taso ya haɗiye rana, gari ya yi duhu-duhu kamar an kusa magariba alhali da sauran lokaci. Iska ta fara kaɗa dawa tana kwantar da ita. Baba ya ƙara matsowa jikin gilashi har haɓarsa na neman taɓa sitiyari.

Na hango garken shanu yana tsallaka titi. Farare ne tas, sun fi hamsin, sun cika hanyar daga wannan gefe zuwa wancan. Ban ce komai ba, don wa zai ce wa direba ga shanu alhali sun tare gabansa gaba ɗaya? Na jira in ji ya rage wuta. Bai rage ba. Muna ta matsowa, har na fara ganin ƙudan da ke bin idon wani bijimi.

"Baba! Shanu!"

Ya taka birki da dukkan ƙarfinsa. Motar ta yi ƙara ta ja gindi gefe, ƙirjina ya bugi ƙarfen da nake riƙe da shi. Muka tsaya, ƙahon wata saniya na bisa hancin motar. Injin ya mutu. Shanun suka watse suna kuka, makiyayin ya taho a guje da sandarsa a sama.

Ni ban ma san ina ihu ba sai da na ji muryata. Na juya wajen Baba.

"Baba, ba ka gan su ba?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ban gan su ba, Uwata."

"Kamar yaya?"

"Idona na hagu ya fi shekara da rufewa. Na daman nake lallaɓawa da shi, shi ma in akwai rana. In gari ya yi haka, hayaƙi kawai nake gani."

Na tuna tambayoyin da ya yi ta yi mini da safe. Ashe tun daga ƙofar gidanmu har Rogo da idona aka yi tuƙin nan. Na so in buɗe ƙofa in fita in yi ta gudu cikin gonaki.

"Inna ta sani?"

"Ba wanda ya sani. In aka sani, shi ke nan, an raba ni da motar nan." Ya shafa sitiyarin. "Na ga kin ƙi motar kowa. Na ce in ban kai ki ba, wa zai kai ki?"

Makiyayin ya iso yana huci, wani dogon Bafulatani mai furfura a gemu. Ya zo da faɗa a bakinsa, amma da ya ga tsoho sai ya sauke sanda ya gaishe shi. Baba ya ba shi haƙuri da Fulatanci, don ya iya, kakarsa ta wajen uwa Bafulatana ce daga Kwanyawa. Suka yi magana kaɗan, mutumin ya juyo da Hausa saboda ni.

"Malama, in za ku wuce ku wuce yanzu. An yi ruwa can saman rafi tun ɗazu. Rafin da ke gabanku ya fara hawa kan kwalbati, in aka jima ko babbar mota ba ta wucewa. Kuma nan ba wurin tsayawa ba ne in dare ya yi."

Na san abin da yake nufi. A 'yan watannin nan ana ta maganar masu tare hanya a wannan tsakanin. Na ciro wayata, babu sabis ko ɗigo. Na duba gaba na duba baya, titi fayau, ba ranar kasuwa ba ce, kowa ya gudu daga hadari. Komawa Rogo ma tuƙi ne, wucewa ma tuƙi ne.

Baba ya ce, "Ki ci gaba da gaya mini hanya kamar ɗazu."

Muka gwada. Ya tayar da ita muka ci gaba, ina faɗin dama, hagu, rage, miƙe. Amma yanzu da na san gaskiya sai bakina ya riƙa harɗewa. Ina cewa dama ina nufin hagu. Yayyafi ya fara, muka tsaya muka ja tamfol, gilashi ya yi ɗigo-ɗigo, 'yan waifofin nan nata ƙanana masu share gilashi suna ta fama. Sai ga fitilar wata babbar mota ta ɓullo daga kwana, ta ɗauko itace, tana tafe a tsakiyar titi. Na ce, "Baba kauce! Kauce!" Ya ce, "Ina?" Kafin in tuna sunan ɓangaren, ta riga ta iso. Direban ne ya kauce mana, ya wuce yana danna hon, iskarsa ta girgiza mu, wani reshe ya karci tamfol ɗin daidai kaina.

Ya gangara gefe ya tsaya. Ya kashe motar da kansa. Muka zauna muna jin ruwa na buga rufi.

"Uwata, marigayi ya fara koya miki mota, ko ba haka ba?"

Gaskiya ne. Kafin rasuwarsa mijina yakan ari motar abokinsa ya kai ni filin ƙwallo, na iya tashi da tsayawa, na taɓa sa giya ta biyu. Amma ban taɓa hawa titi ba.

"Baba, kar ka ce haka. Don Allah kar ka ce."

"Ni ina da hannu ba ido. Ke kina da ido. Hannun kuma zan ara miki."

"Ba zan iya ba. Kashe mu zan yi."

"Ni ma ai yanzu na kusa kashe mu, sau biyu." Ya buɗe ƙofarsa. "Sauko."

Ya fita cikin ruwa yana dafa jikin motar, ya zagayo ta baya yana lalube har ya iso ƙofata ya tsaya. Ruwa na zuba a kan hularsa. Ganin tsohon nan tsaye yana jiƙewa, yana kallon inda yake zaton fuskata take, shi ya fitar da ni. Na zagaya na zauna a mazauninsa. Kujerar da ɗuminsa. Na cire takalmana don santsi, na naɗe zanina zuwa gwiwa, na ɗora tafin ƙafa a kan ƙarfe mai sanyi.

Sau uku tana mutuwa a hannuna. Kulocinta tauri gare shi kamar ana taka dutse, da na ɗaga ƙafa sai motar ta yi tsalle ta mutu. A na huɗu na murɗa makulli ta yi ƙyar-ƙyar ta yi shiru. Batir ya gaji. Na kifa kaina a sitiyari na fashe da kuka.

Sai na ji ana ƙwanƙwasa tamfol. Bafulatanin nan ne. Ashe garkensa gefen titi yake bi, ya cim mana. Yana tare da matarsa, ta kifa ƙwarya a ka saboda ruwa. Baba ya gaya masa turi muke so. Mutumin ya leƙo ya ga ni ce a sitiyari, ya dubi Baba, ya sake dubana. Ya miƙa wa matar sandarsa. Ita kuma ta ajiye sandar da ƙwaryar a ƙasa ta kama ɗaya gefen.

Baba ya ɗora hannunsa a kan nawa bisa giya ya tura ta ta biyu. "Taka kuloci har ƙasa. Kar ki saki sai na ce. In na ce saki, ki saki gaba ɗaya ki ba ta wuta."

Suka tura. Motar ta fara gangarawa shiru, ina jin numfashinsu a bayanmu da ƙarar tsakuwa.

"Saki!"

Na saki. Ta yi wata irin girgiza, ta yi tari, sannan ta kama da ruri. Muka yi gaba. Ban iya ko waiwayawa in yi musu godiya ba. A ɗan madubin na hango matar tana ɗaga hannu, har yau ban sake ganinsu ba.

Tafiya muke ina kallon titi kamar zan cinye shi da ido. Da yake sitiyarin a dama yake, ni ce a bakin titi, ina ganin ramin gefen hanya dab da gwiwar hannuna, kullum ji nake yanzu za mu faɗa. Sai in ja ta tsakiya, Baba ya ji taya ta hau wani wuri ya ce, "Koma hannunki." Ya rufe idanunsa ma gaba ɗaya, ya karkata kai. Da kunne yake tuƙin.

"Kin ji ta fara kuka? Giya take nema. Taka." In taka, ya tura giyar da hannuna a ƙarƙashin nasa. "Sassauta riƙon nan. Ba gudu za ta yi ta bar ki ba. Ɗan kaɗan take so, ko tunanin kwana kika yi ta ji."

Haka muka iso rafin. Na tsaya daga nesa, na bar ƙafata a kan totur kamar yadda ya ce don kar ta mutu. Babu kwalbati, babu alamarsa. Jan ruwa ne kawai ke tsallake titi da gudu, ɗauke da karan dawa da wani tsohon buhu. Abin da ya rage a gani shi ne kawunan duwatsun siminti guda huɗu da ke gefe da gefe.

"Gaya mini abin da kike gani."

Na gaya masa.

"Duwatsun, nawa ya rage a waje?"

"Kamar taƙi ɗaya."

Ya yi lissafi a ransa. "Za ta wuce. In muka ƙara minti goma ba za ta wuce ba. Giya ta ɗaya. Ki bi tsakiyar duwatsun. Ki riƙe wutar daidai, kar ki ƙara kar ki rage. Ko me kika ji, kar ki ɗaga ƙafa. In ruwa ya shiga salansa mun zauna."

"Baba, in ya tafi da mu fa?"

"To kwananmu ne ya ƙare. Yi bisimilla."

Na yi. Muka shiga. Ruwan ya bugi gefen motar da wani nauyi da ban zata ba, na ji gindinta na zamewa hagu a hankali. Ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa, mai sanyi, ya rufe mini idon sawu. Tururi ya taso daga hancinta. Duk jikina cewa yake in taka birki, in rufe ido, in saki komai. Na kafa idona a kan wani dutsen siminti na tsallake, ina jin Baba yana maimaita "Riƙe, riƙe, riƙe" a hankali kamar mai lallashin jariri. Tayar baya ta faɗa wani abu ta fito. Sai na ji ƙasa ta kama mu. Hancin motar ya ɗaga, ruwa na zuba daga jikinta, muka hau tudu.

Ban tsaya ba. Ina tsoron in na tsaya ba zan sake tashi ba.

Bayan kamar tafiyar minti goma ruwan ya tsagaita. Can yamma gajimare ya tsage, wani haske ruwan ɗorawa ya zubo a kan gonakin rake. Titin ya miƙe sambal, an wanke shi, ba kowa a kai. Baba ya sa hannu ya ɓalle maƙullan tamfol ɗin ya tura shi baya, wai gilashi na yin gumi. Iska mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta bugi fuskata.

"Ta uku," in ji shi. Na sa da kaina.

Aka jima ya ce, "Tana neman ta huɗu."

"Baba, a'a."

"Ba ni na ce ba, ita ta ce. Saurara."

Na saurara, kuma na ji. Na taka na ja giyar zuwa ta huɗu, ta shige da wani ɗan ƙas kamar an rufe kwaɗo. Kukan nan nata ya sauka ya koma wata murya mai kauri da nake ji a ƙashin bayana. Motar ta kwanta a titi. Duk tsalle-tsallen da take mini ya ɓace. Na ɗan motsa yatsuna ta bi, na dawo da su ta dawo. Tunda nake shiga mota a rayuwata, kaya ce ni, a ɗauke ni a ajiye, in an ga dama a kifar da ni. Yau ga abu yana tambayata ina za mu.

Sai na ji ƙafata na ƙara danna totur ba da shawarata ba. Bakin mayafina na kaɗawa a baya. Wata dariya ta taso mini daga ciki, na datse ta da haƙori. Wannan ya fi rafin ba ni tsoro. Abin da ya kashe mini miji, ga ni a cikinsa ina jin daɗi. Na ɗaga ƙafa da sauri har motar ta yi turjiya.

Baba ya ce, "Kin ji shi ko?"

Na ci gaba da kallon titi.

"Ni ma haka ta yi mini ranar farko. Baturen ya ba ni in gwada birki, sai da na kai Daura na dawo. Ta nan kusa, ba ta Katsina ba," ya ƙara, yana 'yar dariya. "Ki ji tsoron wannan abin da kika ji. Ranar da kika daina tsoronsa, ki ajiye makulli."

Ana kiran magariba muka shigo Ƙaraye. Mutanen da ke alwala a ƙofar masallacin unguwarmu suka tsaya da butoci a hannu suna kallo. Ban iya shigar da ita rumfa ba, a tsakiyar layi na kashe ta. Da na sauko sai na zauna a ƙasa cikin taɓo, ba takalmi, na yi kuka mai isata. Yatsuna sun kwana biyu ba su miƙe daidai ba.

Na ce wa Baba zan rufa masa asiri a wajen kowa ban da Inna da likita. Ya yi fushi na kwana uku, sannan ya yarda. Da Inna ta dawo daga Rogo da ƙanwata, wadda ta fara samun sauƙi, ta ji labari, sai ta zauna ta yi ta salati, daga baya ta wanke mu tas ni da shi. Gari kuma ya ɗauka. Wata gwaggona ta taso takanas daga Unguwar Hajji ta ce bazawara a buɗaɗɗiyar mota, wa zai aure ta? Baba ya ce mata wanda ya iya turi.

Yanar ido ce, in ji likita a Kano. Aka yi masa aiki, na dama ya buɗe, na hagu an makara. Zuwa Kanon nan a motar haya muka yi shi, kuma duk hanya idona a rufe, ina riƙe da hannun Inna. Har gobe in wani ne ke tuƙi haka nake. A bayan sitiyarin jar motar nan kaɗai nake iya buɗe ido.

Baba bai sake tuƙi ba. Ya koma koya mini, a filin makarantarmu da yamma, har na je na yi lasisi. Ya koya mini wanke fulogi, da duba ruwan lagireto, da gane ciwonta daga muryarta. Neman kayan gyaranta ya haɗa ni da wasu mutane a Kano masu irin wannan cuta ta son tsofaffin motoci, yawancinsu dattawa, kowa da tsohuwar motarsa a lulluɓe a gida. In an zauna a garejin wani makaniki da suke taruwa, hirar ba ta wuce yadda kowa ya kamu. Wani ya ce yana ɗan makaranta ya ga irinta ta wuce, ya bi ta da gudu har ya ɓata hanyar gida. Wani ya ce shi ƙararta kawai ya ji ta bayan katanga, ya shekara ashirin yana neman mai wannan murya. Da suka tambaye ni, na ba su labarin rafin. Sai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya ce shi da an ba shi motar kyauta a ranar ba zai karɓa ba.

Ranar da aka cire wa Baba bandeji ya warke sosai, ya ce in fita da shi ya ga tuƙina da idonsa. Muka hau hanyar Rogo da hantsi, rana tas. Ban wuce giya ta uku ba. Muna zuwa kwanar farko na ga ya damƙe ƙarfen gabansa da hannu biyu, ƙafarsa na neman birki a inda babu.

"Uwata! Haka kike shiga kwana?"

"Haka ka koya mini, Baba."

"Innalillahi. Ashe da ban gani na fi kwanciyar hankali. Rage. Rage, na ce!"

Na rage. Har muka je muka dawo yana faɗa, yana nuna mini ramukan da na riga na gani. Da muka iso gida ya sauko yana share gumi da hularsa, ya ce wa Inna shi kam ya gama shiga motar yarinyar nan. Juma'a na zagayowa na same shi zaune a ciki tun kafin in gama karyawa, ya saka sabon tabaransa yana jirana.